Yadda Ake Tattara Samfurin Tsirran Daji a Duwatsun Kaduna Domin Binciken Ƙwayoyin Gado

Duwatsun jihar Kaduna ba su kai tsaunukan Taraba tsawo ba, inda ƙololuwar Chappal Waddi ta kai mita 2,419, amma ga mai binciken ƙwayoyin gadon tsirrai suna da daraja ta musamman. Daga Kufena a Zariya zuwa duwatsun Kajuru, har Kagoro inda ƙasa ke hawa ta haɗu da tudun Jos, yawancin duwatsun suna tsaye ne a tsakiyar gonaki, kuma tsirran da ke kansu a ware suke daga 'yan'uwansu na wani dutsen. Garma ba ta hawa can, wutar daji ba ta shiga kowane kogo, shanu ma akwai inda ba sa iya takawa. Saboda haka dangin amfanin gona da ke fitowa da kansu, irin su waken daji, doyar daji da ciyayin da suke dangin acca da iburu, tare da itatuwa irin su ararrabi da madobiya, sukan tsira a irin waɗannan wurare bayan an share su a fili.

Abin da ya kamata mai shirin wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne, a kan dutse ake yanke ingancin sakamakon da zai fito daga ɗakin gwaje-gwaje. Na'urar da ke karanta DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ba ta da hanyar sanin cewa ganye 30 da aka kawo mata duk daga saiwa ɗaya suka tsiro, ko cewa an musanya lambar leda biyu a cikin jaka, ko cewa mai tattarawa ya gaji ya tsaya a gindin dutse bai hau ba. Za ta fitar da alƙaluma masu kyan gani, kuma babu gyaran da za a yi musu daga baya.

Kafin a bar gida

A fara da rubuta tambayar da ake son amsawa a jimla ɗaya, domin ita ce za ta faɗi inda za a je da yawan abin da za a ɗiba. Wanda ke son sanin yawan bambancin gadon da ke cikin ararrabin dutse guda yana buƙatar itatuwa masu yawa daga wuri ɗaya. Wanda ke son sanin ko na arewacin jihar ya bambanta da na kudanci yana buƙatar duwatsu da yawa, ko da abin da zai ɗiba a kowannensu ya ɗan ragu. Wanda kuwa ke son ganin yadda tsiro ke sabawa da tudu dole ya raba dutsen mataki-mataki daga gindi zuwa ƙololuwa, domin zafi na raguwa da kimanin digiri 0.6 a duk mita 100 da aka hau, kuma ƙasa da danshi da iska duk suna sauyawa tare da shi.

Bayan haka sai a ziyarci ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, idan hali ya yi kuma a tuntuɓi na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Takardun da ke manne da tsoffin samfura suna faɗin garin da aka samu tsiron da watan da yake fure, kuma ganin sa da ido, a juya ganyen a duba gashinsa da jijiyoyinsa, ya fi hoton waya amfani nesa ba kusa ba. Shafin GBIF na intanet yana tattara irin waɗannan bayanai daga ɗakunan ajiya na duniya, kuma kyauta ne. Sai dai a tuna cewa wurin da aka rubuta shekaru 60 da suka wuce yana iya zama gonar citta ko unguwa a yau.

Izini iri biyu

Izinin farko na hukuma ne. Tun Yarjejeniyar Kare Bambancin Halittu ta 1992, da Yarjejeniyar Nagoya da aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ƙa'idar duniya ita ce ƙwayoyin gadon tsirran kowace ƙasa a ƙarƙashin ikonta suke, ba a ɗiba sai da yardarta da kuma yarjejeniya kan yadda za a raba amfanin da ya fito. Nijeriya tana da dokokinta na 2009 kan wannan batu a ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ƙofar da ake bi. Idan wurin yana cikin gandun daji na jiha, kamar Nimbiya ko Kagoro da Nindam, a nemi takarda daga sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta jihar Kaduna. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa na tarayya ne, hukumar gandun dajin ƙasa ce ke da iko da shi. Wanda zai aika samfuri ƙasar waje yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma masu shiga da fita ƙasa, da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'arsa da wadda za ta karɓa. Idan madobiya ce a bincika ko ana buƙatar ƙarin takardar CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, domin tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Waɗannan takardu suna ɗaukar lokaci, don haka a fara neman su watanni kafin damina.

Izini na biyu na mutanen wurin ne, kuma a ganina shi ya fi yanke ko aikin zai yiwu. Babu dutsen da ba shi da masu shi. A bi ta hannun hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, a je da wasiƙar jami'a, a yi bayani da Hausa mai sauƙi. Baƙon da aka gani a kan dutse da na'ura a hannu yana cika jaka, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne mai neman ma'adinai ne ko mai auna fili, saboda haka gara a buɗe jakar tun a zaure a ce: "Ranka ya daɗe, daga jami'a muke, ganye da 'ya'yan itace kaɗan muka zo ɗiba, ba za mu sare komai ba, ba za mu haƙa ƙasa ba, kuma muna roƙon a haɗa mu da wanda ya san dutsen." A tambaya ƙarara ko akwai kurmi ko kogon da ba a shiga. A kudancin Kaduna akwai wuraren da al'umma ke girmamawa saboda al'ada da kaburburan kakanni, kuma a Kagoro dutsen yana da alaƙa da bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu. Inda aka ce kada a shiga, kada a shiga, ko da a can tsiron ya fi yawa.

Da ɗan gari akan ci gari. Mafarauci, mai maganin gargajiya ko makiyayi zai kai mutum inda tsiron yake cikin awa biyu, abin da taswira ba za ta yi a kwana biyu ba. A daidaita ladansa kafin a tashi. Idan ya faɗi amfanin tsiron a magani, wannan ilimi nasa ne da na jama'arsa, ba a rubuta shi sai ya yarda bayan an gaya masa inda rubutun zai je.

Maganar tsaro ba ta buƙatar dogon bayani ga mazaunin Kaduna. Sassan Birnin Gwari, Chikun, Kajuru da Kachia sun sha fama da 'yan bindiga, kuma hali na sauyawa daga mako zuwa mako. A tambayi mutanen wurin a makon tafiyar, a sanar da ofishin 'yan sanda, kada a hau mutum ɗaya, kada a kwana a dutse, a sauko kafin la'asar ta yi sanyi. A sa takalmi mai rufe idon sawu saboda kububuwa da kasa, kada a zura hannu a tsagar dutse, kuma a san asibitin da ke da allurar dafin maciji tun kafin a buƙace ta.

Lokaci da kayan aiki

Damina a jihar takan kama daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, tana riga sauka a kudanci kuma tana jinkirin ɗaukewa a can. Ƙananan tsirrai da ciyayi sun fi sauƙin ganewa daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da suke fure, irinsu kuma yakan nuna daga Oktoba zuwa Disamba, kafin a fara ƙona daji. Waɗanda ke kan siririyar ƙasa a bisa fa suna riga na gindin dutse bushewa, don haka wanda ya jira na ƙasa su nuna zai tarar na sama sun riga sun zube. Itatuwa suna da nasu tsarin: madobiya da ararrabi suna fure ne da rani bayan sun kaɗe ganye, abin da ke nufin ganye a tafiya ɗaya, fure da 'ya'ya a wata. A tsara kasafin kuɗi da tafiya biyu aƙalla. Da damina a hau da sassafe, domin fa mai jiƙe santsi gare shi, kuma ƙololuwar dutse ba wurin tsayawa ba ne idan hadari ya haɗo.

Kayan ba su da yawa: ƙwayoyin silika masu tsotse danshi da sauya launi, ƙananan ambulan na takarda, leda mai zif, robar da ke rufuwa ruf, almakashin lambu, bilic da sifirit, safar hannu, jakunkunan yadi, tsoffin jaridu, kwali da katako biyu da igiya na danne samfuri, littafi mai kauri, fensir, awon tela, na'urar GPS ko waya da batirin ajiya. Silikar ta fi kome muhimmanci, kuma a ɗauki ninkin abin da ake zaton zai isa.

Wane tsiro za a ɗiba

A nan ne aikin yake. Gungu ɗaya shi ne tsirran jinsi guda da ke kusa da juna har suna iya barbarar juna su haifi iri. Iyakarsa ba a ganinta da ido, sai a yi la'akari da yadda tsiron ke rayuwa. Ɗorawa da kuka jemagu ne ke ɗaukar ƙurar furensu, kuma jemage yana tafiya mai nisa a dare ɗaya, saboda haka itatuwan duwatsu biyu da ke kallon juna suna iya zama gungu guda. Ƙaramin tsiron da yawanci shi ke barbarar kansa kuwa, wanda ke fuskar gabas na dutse yana iya bambanta da na fuskar yamma. Idan an yi shakka, a ba kowane wuri lambarsa daban, domin haɗa samfura biyu a kwamfuta abu ne mai sauƙi, raba waɗanda aka cakuɗa kuwa ba ya yiwuwa.

Da isa wurin kada a fara tsinka. A zagaya tukuna, a ga inda gungun ya fara da inda ya ƙare, a ƙiyasta yawan tsirran, a lura da wurare daban-daban da suke fitowa: tsagar dutse, gangare mai rana, gefen inuwa, bakin rafi, kurmin da ke gindin dutse. Wannan zagaye yakan ci awa guda, kuma shi ne ke hana a cika jaka daga kusurwa ɗaya.

Yawan da ake buƙata yana da lissafi. Yawancin tsirrai suna ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado. Idan wani nau'in ƙwayar yana samuwa a kashi 5 cikin 100 na gungun, ana buƙatar kwafi 59 da ba su da dangantaka ta kusa kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa an kama shi ko sau ɗaya. Ga tsiron da ke barbara da waninsa, tsirrai 30 sun ba da kwafi 60. Ga mai barbarar kansa kuwa kwafin nan biyu kusan iri ɗaya ne, don haka sai an kai tsirrai wajen 60. Irin wannan lissafi ne ya sa masana biyu a Ostareliya, Marshall da Brown, suka ba da shawara a 1975 cewa a ɗiba daga tsirrai 50 zuwa sama a kowane wuri, kuma bankunan iri da yawa har yau da wannan adadi suke aiki. Gaskiya ne hanyoyin zamani da ke karanta dubban wurare a DNA sukan wadatu da ƙasa da haka, amma hawan dutse ya fi ganye tsada, don haka wanda ya riga ya hau ya ɗibi 30 ko fiye, ya bar zaɓin ga lokacin gwaji.

Tazara tana da muhimmanci kamar adadi. Tsirran da ke maƙwabtaka galibi 'yan uwa ɗaya ne, domin iri a gindin uwarsa yake faɗuwa. A kan dutse abin ya fi haka, tunda iri yana gangarawa kuma ruwan sama yana jan sa ta kwazazzabo guda. Wanda ya bi kwazazzabo daga sama zuwa ƙasa yana ɗiba, saboda nan ne hanya mai sauƙi, yana iya tara zuriyar itace ɗaya yana zaton ya wakilci dutsen. A riƙa ratsa gangaren a kwance, a sauya mataki, a sake ratsawa. Ga ƙananan tsirrai a bar mita 5 zuwa 10 tsakanin wanda aka ɗiba da na gaba, ga itatuwa mita 50 zuwa 100 inda wurin ya ba da dama. Masu yaɗuwa ta saiwa ko ta 'ya'yan gindi, irin su wasu ciyayi da kabar giwa, suna buƙatar tazara mai yawa, domin cincirindon da ya rufe wuri yana iya zama tsiro guda.

Ido yana da son zuciya: yakan tafi ga tsiron da ya fi girma, ya fi kore, ya fi sauƙin kaiwa. Maganin wannan shi ne a kafa doka kafin a fara, misali a yi taku 20 a tsaya, a ɗauki tsiron da ya fi kusa da ƙafar dama ko yaya kamanninsa yake, muddin yana da lafiyayyen ganye. Ɗan tsugunannen da ke maƙale a tsagar dutse inda ruwa ba ya tsayawa yana iya zama shi ke ɗauke da gadon jure fari da ake nema.

Idan gungun bai kai 30 ba, a ɗibi ganye daga kowanne, a rubuta adadin yadda yake. Kada a tumɓuke tsiro gaba ɗaya sai an ga aƙalla 20 irinsa a wurin.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da duwatsunmu. Al'ummomi da yawa a kan dutse suka zauna a da saboda tsaro, kafin su sauko fili, kuma kufansu na nan da guntayen tukwane, duwatsun niƙa da layin ƙerana da aka yi shinge da ita. Kuka, ɗorawa ko atilin da ke cikin kufai mai yiwuwa hannun mutum ne ya kawo shi. Haka kuma waken dajin da ke bakin gona yana iya yin barbara da waken gida. Ba laifi a ɗibi irin waɗannan, amma a rubuta ƙarara inda aka same su, kada a zuba su cikin na daji zalla.

Busar da ganye

A zaɓi ganye matashi wanda ya gama buɗewa, mara tabon cuta, mara cizon ƙwari, domin tabo na nufin naman gwari, kuma DNA ɗinsa zai shiga cikin sakamakon. Idan akwai raɓa a goge da takarda. Giram ɗaya zuwa biyu na ɗanyen ganye ya wadatar, tunda gwaji guda kimanin miligiram 20 na busasshe yake ci. A yayyaga shi ƙanana, a sa a ambulan na takarda, a saka ambulan a leda mai zif tare da silikar da ta ninka nauyin ganyen sau 10, a fitar da iska a rufe. Masana biyu, Chase da Hills, su suka bayyana wannan hanya a 1991, kuma sirrinta sauri ne: ganyen ya bushe ƙayau cikin awa 24. Muddin akwai ruwa a cikinsa, sinadaran da ke jikin ganyen suna ci gaba da farfasa DNA, kuma wanda ya kwana a leda ba silika a watan Agusta ya riga ya fara lalacewa ko da ido bai gani ba.

Kowane dare a duba ledojin. Silika mai shuɗi tana komawa ruwan hoda idan ta ƙoshi da danshi, mai ruwan lemo kuma tana komawa kore ko fari. Da ta sauya a zuba sabuwa. Ganyen da ya bushe daidai yana karyewa da ƙara kuma yana nan kore, wanda ya koma baƙi ko ruwan ƙasa kuwa alamar jinkiri ce. Ana iya sake gasa silika a tanda mai zafin digiri 110 zuwa 120 ta koma aiki, amma wadda ta taɓa ganye kai tsaye kada a mayar da ita kan wani samfurin. Kada a shanya ganyen a rana, kada a kanga shi a wuta, kada a bar jakar a cikin mota a rufe da tsakar rana.

Masu kauri da masu ruwa suna da wahala. Ga kabar giwa a fere siririyar fatar waje kawai, a kankare yauƙin, a sauya silika sau biyu ko uku a rana ta farko. Tinya da danginta suna da farin ƙaro mai ƙuna wanda ke iya lahanta ido, don haka sai da safar hannu da tabarau. Idan itace ya yi tsawo ko ya kaɗe ganye, ana iya yanko ɗan ɓawon ciki mai laushi, gwargwadon farcen babban yatsa, a busar da shi haka nan. A sa bilic a wanke almakashi tsakanin tsiro da tsiro, a ɗauraye, domin sifirit yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya rusa DNA. A wanke takalma ma kafin a koma wani dutsen. Manoman citta a kudancin jihar sun ga abin da cutar tsirrai ke yi a 2023, kuma ba za su ji daɗin baƙon da ke yawo da laka daga gona zuwa gona ba.

Lamba, littafi da samfurin shaida

Kowane tsiro lambarsa ɗaya, wadda ba za a sake ba waninsa ba har abada. Tsari mai sauƙi shi ne haruffan wuri, lambar gungu da lambar tsiro, misali KGR-02-17. A rubuta ta da fensir a jikin ambulan kafin a tsinki ganyen, a kuma saka wata 'yar takarda mai lambar a ciki, saboda rubutun maka a jikin leda yana gogewa, musamman idan sifirit ya taɓa shi.

A littafi a rubuta kwanan wata, ƙaramar hukuma, ƙauye mafi kusa, sunan da mutanen wurin ke kiran dutsen, tsayin wurin daga matakin teku, fuskar da gangaren ke kallo, irin ƙasar, tsirran da ke kewaye, da alamun wuta, kiwo, sara ko ɓare ɓawo. A ƙara abin da zai ɓace bayan bushewa, wato launin fure, ƙamshi, launin ƙaro, tsawon itace da kaurinsa. A saita GPS a tsarin WGS84, wato ma'aunin wuri na duniya da GPS ke aiki da shi, a rubuta lambobi biyar bayan ɗigo, a kuma rubuta girman kuskuren da na'urar ke nunawa. Tsoffin taswirorin Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma haɗa su da na yanzu ba tare da juyawa ba yana kawar da wuri da mitoci masu yawa. GPS na waya yana aiki ko babu sabis, amma ma'aunin tsayinsa ya fi na wuri kuskure, don haka a jira ya natsu. Ga itatuwa, kowanne a ɗauki wurinsa daban. Hoton farko na kowane tsiro ya zama na lambarsa, sannan sauran su biyo. Sunan gargajiya a rubuta shi da harshen da aka faɗa, ko Hausa ne, ko Fulfulde, Adara, Tyap, Jju ko Gbagyi.

Daga kowane gungu a ɗauki reshe mai fure ko 'ya'ya, kwafi biyu ko uku, a shimfiɗa a ninkin jarida, a juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, a sa kwali, a danne da katako a ɗaure tam. Da damina a sauya jaridar kullum har ya bushe. Wannan shi ne samfurin shaida, kuma mutane da yawa suna raina shi. Suna ɗaya na Hausa yakan rufe jinsi biyu ko uku, kuma ciyayin dangin acca suna kama da juna ƙwarai har ƙwararre sai ya sa gilashi a kan furensu. Idan bayan shekaru wani ya yi shakkar sunan da aka ba tsiron, wannan reshe ne kaɗai zai raba gardama. A ajiye kwafi ɗaya a Zariya, ɗaya a Ibadan, a rubuta lambar ajiyar a cikin rahoto.

Idan da iri za a dawo

Ƙa'idar da bankin iri na Kew a Ingila ke bi ita ce kada a ɗibi fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna a ranar, domin gungun ya ci gaba da haihuwa. Kafin a fara a tsaga ƙwaya 10 zuwa 20 da reza a duba: idan yawancinsu fanko ne ko ƙwari sun cinye, ba amfanin ci gaba, idan kuma cikinsu ruwa-ruwa ne a dawo bayan mako biyu. Don binciken gado, irin kowace uwa a jakarsa daban, da lambar da aka ba ganyenta. A zuba a jakar yadi ko takarda, ban da leda, a rataye a inuwa mai iska. Kwanson waken daji yana fashewa ya watsa iri idan ya bushe, don haka a ɗaure bakin jakar sosai.

Bankunan iri suna busarwa a ɗaki mai danshin kashi 15 cikin 100 da zafin digiri 15, sannan su adana a digiri 20 ƙasa da sifili. A Nijeriya cibiyar NACGRAB da aka kafa a Ibadan a 1987 ita ce bankin ƙasa, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, kuma tana riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya tare da danginsa na daji. Ba kowane iri ne ke jure wannan ba. Ƙwarar kaɗanya tana mutuwa idan ta bushe, saboda haka ita shuka ta ake yi cikin 'yan kwanaki a gandun reno.

Bayan an sauko

A shigar da bayanan littafi a kwamfuta a daren ranar, tun ana tuna abin da gajeren rubutu ke nufi, a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a wuri biyu. A ƙirga ambulan a gwada da layukan littafi. Duk wanda lambarsa ta rikice a jefar da shi, kada a yi masa zato. A raba kowane ganye gida biyu a ajiye a gine-gine daban-daban.

Busasshen ganye yana daɗewa shekaru a roba mai rufuwa da sabuwar silika, a wuri mai sanyi da duhu. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa ta fi wannan roba haɗari, domin duk narkewa tana tara raɓa a cikin leda, don haka sai inda ake da tabbacin wuta ko sola. A duba launin silikar kowane wata, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Wajen wallafawa, idan tsiron yana da ƙaranci ko masu katako da masu sayar da ɓawo suna nemansa, a rage lambobin GPS da za a fitar fili zuwa biyu bayan ɗigo, cikakkun su zauna a ɗakin ajiya. A aika kwafin rahoto ga ofishin da ya ba da izini kamar yadda takardar ta shardanta, a kuma rubuta shafi ɗaya da Hausa mai ɗauke da sunayen tsirran, inda aka same su da abin da gwajin ya nuna, a kai wa dagaci da ɗan jagora hannu da hannu a tafiya ta gaba.